Yadda Ake Tace Ruwan Ƙazantar Gari da Tafkuna Kafin Ya Faɗa Kogi

Duk ruwan da ya fita daga gida, na wanka ne ko na wanke-wanke ko na bayan gida, gangare yake nema, ƙarshen gangare kuwa kogi ne. A Kano kwatocin birni suna juyewa a Jakara, dagwalon masana'antun Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, shi kuma ya haɗu da kogin Kano su bi ta Wudil su nufi Haɗeja. A Yamai kwarin Gunti Yena ne ke kwashe ruwan unguwanni ya kai kogin Isa, wato kogin Neja. Da wannan ruwan masu lambu ke ban ruwa, a cikinsa masunta ke jefa koma, shi makiyayi ke shayar da shanu.

Akwai hanyar tace shi da injin hura iska, wadda aka gano a Mancesta ta Ingila a 1914, irinta ce ke aiki a matatar Wupa da ke Abuja. Tana da kyau, ba ta cin fili, amma tana son wutar lantarki dare da rana; in injin hura iskar ya tsaya na dogon lokaci, ƙwayoyin halittar da ke aikin sai su shaƙe, a ɗauki kwanaki ana farfaɗo da su. Garin da ke da fili da rana amma ba shi da tsayayyiyar wuta, tafkuna ne suka dace da shi. Da su ake aiki a Dandora ta Nairobi da Kosodo ta Wagadugu. Ba injin da ke juyawa a cikinsu. Rana da gansakuka da bakteriya ne ma'aikatan.

Abin da ake cirewa, da dalilin da kogin rani ya fi shan wahala

Masana suna auna ƙarfin ƙazantar ruwa da ma'aunin da ake kira BOD: yawan iskar oksijin da bakteriya za su zuƙa cikin kwana 5, a zafin digiri 20, wajen cinye dattin da ke cikin lita ɗaya. Ɗanyen ruwan ƙazantar gari yakan kai miligram 300 zuwa 600 a lita. Shi kuwa ruwan kogi mai zafin digiri 30, iyakar oksijin da zai iya riƙewa ba ta wuce miligram 7.5 a lita ba, kuma yawancin kifi ba ya jin daɗi in ta yi ƙasa da 4 ko 5. Ke nan lita ɗaya mai BOD 500 ta isa ta zuƙe iskar lita sittin da wani abu na ruwan kogi. Shi ya sa ƙarfasa ke fara tasowa sama tana haki, tarwaɗa kaɗai ke jurewa, daga baya ruwan ya yi baƙi ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ɗauki garin da ke fitar da kubik mita 1,600 a rana mai BOD 500, yana zubawa a rafin da a watan Afrilu ba ya gudu da fiye da kubik mita 8,640 a rana, mai BOD 2. In sun gauraya, BOD ɗin rafin zai haura kusan 80. Rafin ya mutu ke nan. In an tace ruwan ya sauko 30, gaurayen bai wuce 6 da ɗoriya ba, abin da rafi mai gudu zai iya haɗiyewa. Don haka da kogin rani ake lissafi, ba da na Agusta ba.

Abu na biyu ya fi wannan taɓa lafiyar mutane: ƙwayoyin kwalara da taifot da atuni, da ƙwan tsutsar ciki. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 game da ban ruwan kayan lambun da ake ci ɗanye shi ne kada bakteriyar bahaya ta wuce 1,000 a mililita 100, kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita. Ɗanyen ruwan ƙazanta yana ɗauke da miliyoyi goma-goma a wannan ɗan awon.

Zaɓen fili

A nemi wuri ƙasa da gari ta yadda ruwa zai gangaro da kansa ba sai da famfo ba, amma sama da inda ambaliya ke kaiwa. Tsakaninsa da gida mafi kusa kada ya gaza mita 200, in an samu 500 ya fi, a kuma yi la'akari da inda gari ke faɗaɗa. Iskarmu iri biyu ce: ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma. Tafkin da aka kafa a ɗaya daga cikin waɗannan kusurwoyi zai riƙa aika wa gari wari rabin shekara. Kudu maso gabas ko arewa maso yamma sun fi.

A haƙa ramukan gwaji a ga ƙasar. Yumɓu na riƙe ruwa. Jigawa mai rairayi kuwa sai an shimfiɗa mata yumɓu mai kaurin santimita 30 an daddaɓe, ko ledar shimfiɗa mai kauri. In ba a yi haka ba, tafkin ba zai taɓa cika ba, ƙazantar kuma ta bi ƙarƙashin ƙasa ta shiga rijiyoyi da burtsatsen maƙwabta.

Matakin farko: shara da yashi

Kafin ruwa ya taɓa tafki ko ɗaya sai ya ratsa ragar ƙarfe da aka jingina a karkace, tsakanin sanda da sanda milimita 15 zuwa 25. A nan ledar fiya wata da tsumma da kunzugun yara da robobi ke maƙalewa. Da manjagara ake kwashe su, aƙalla sau biyu a rana, a binne. Bayan raga sai doguwar kwatar kwantar da yashi, wadda ake tsara ta yadda ruwa zai yi gudun santimita 30 a daƙiƙa: a wannan gudun yashi na zama, datti mai sauƙi na wucewa. A gina guda biyu gefe da gefe, ana kwashe ɗaya, ɗayar na aiki. A garuruwanmu da ake wanke tukunya da toka da yashi, ga ƙurar hunturu, wannan kwata tana cika da sauri fiye da yadda littattafai ke faɗa.

Ruwan sama ba shi da gurbi a nan. A yi masa magudanarsa daban, a kuma sa mashigin da zai karkatar da rarar ruwa in an yi mamako, don kada ya wanke tafkunan.

Lissafin girman tafkuna

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe: mutum 20,000, kowa na fitar da lita 80 da BOD giram 40 a rana. Jimla kubik mita 1,600 da kilo 800 na BOD. Zafin da ake lissafi da shi shi ne matsakaicin zafin wata mafi sanyi, domin a lokacin ne bakteriya ke kasala. A yankin Kano da Katsina da Damagaram, digiri 20 lissafi ne mai kiyayewa. A Jos sai a sauko ƙasa da haka.

Tafki na farko mai zurfi ne, mita 3 zuwa 4, ba iska a cikinsa. Datti mai nauyi na kwantawa ƙasa, bakteriyar da ba ta son iska ta ruɓar da shi ya zama gas. A digiri 20 ana ɗora wa kowace kubik mita giram 300 na BOD a rana. A digiri 25 zuwa sama, 350. Raba giram 800,000 da 300, ka samu kubik mita 2,670 ko kusa da haka. A zurfin mita 3, faɗinsa bai kai murabba'in mita 900 ba, ruwa kuma kwana ɗaya da rabi da ɗan ɗori kawai yake yi a ciki. Amma wannan ɗan ƙaramin tafki shi ke cire kashi 60 cikin 100 na BOD. Wanda ya tsallake shi saboda tsoron wari sai ya ninka filin tafki na biyu fiye da sau biyu. Warin ma ba ya tashi sai an ɗora masa kaya fiye da ƙima ko an bari dagwalon majema mai yawan sinadarin farar wuta ya shigo.

Tafki na biyu shi ne zuciyar aikin. Zurfinsa mita 1.5. In bai kai mita ɗaya ba, kachala da sauran ciyayi za su tsiro daga ƙasa su zama gidan sauro. In ya wuce mita 2, ƙasansa ya rasa iska. A samansa gansakuka ke yin oksijin da hasken rana, bakteriya ta yi amfani da oksijin ɗin ta cinye datti, ta fitar da iskar da gansakuka ke ci. Ban gishiri in ba ka manda. Shi da faɗi ake lissafa shi, ba da zurfi ba, tunda rana ta sama take shiga. A digiri 20 hekta ɗaya na ɗaukar kilo 250 na BOD a rana, a digiri 25 kilo 350. Kilo 320 ne suka rage mana, don haka hekta 1.3 ake bukata, ruwa ya yi kwana 12 a ciki.

Daga nan sai tafkunan gamawa, masu zurfin mita ɗaya, waɗanda aikinsu kashe ƙwayoyin cuta ne. Da tsakar rana gansakuka na ɗaga pH ɗin ruwan, wato ma'aunin tsaminsa (ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kanwa-kanwa), ya haura 9, ga hasken rana, ga oksijin mai yawa. Bakteriyar bahaya ba ta jure wannan haɗin. Ana lissafin mutuwarta da wata lamba da ke 2.6 a digiri 20. Ka ninka 2.6 da kwanakin da ruwa ke yi a tafki, ka ƙara 1, ka raba yawan bakteriyar da abin da ka samu. In an shigo da miliyan 50 a mililita 100, tafki na farko da na biyu za su sauko da ita kusan 290,000.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. In ka haƙa ƙaton tafki ɗaya na kwana 12, za ka raba 290,000 da 32, saura 9,000, ba ka cika mizani ba. In ka yanka wannan filin gida uku a jere, na farko kwana 6, biyun kwana uku-uku, za ka raba da 16.6, sannan da 8.8, sannan da 8.8 kuma. Saura ɗari biyu da 'yan kai. Fili ɗaya, kuɗin haƙa kusan ɗaya, ganuwa biyu kawai aka ƙara. An ba na farkon kwana 6 ne domin har yanzu akwai sauran BOD da zai ɗauka, in ya yi ƙanƙanta sai ya rikiɗe ya koma irin tafki na biyu.

Ƙwan tsutsar ciki ba ya mutuwa da wuri, nutsewa yake yi. Cikin kwana 26 da ruwa ke yi a duka tafkunan, ya gama kwantawa a laka tuntuni.

Jimlar ruwan tafkuna hekta 3.3. Ƙara ganuwa da hanyar mota da wurin shanya laka, a nemi hekta 4 zuwa 5, a kuma killace wasu a gefe tun ƙasa na da araha. A tuna da rana: in tana shanye milimita 7 a yini, kubik mita 230 ke tafiya sama kullum, ruwan da ke fita ya ragu, gishirinsa ya ƙaru.

Gini

Tsawon tafki ya ninka faɗinsa sau 2 zuwa 3. Gangaren ganuwa ta ciki, mita 3 a kwance ga kowace mita ɗaya a tsaye. A bar aƙalla rabin mita tsakanin saman ruwa da kan ganuwa. Ana cika ƙasar ganuwa kaɗan-kaɗan, santimita 15 zuwa 25, a yayyafa ruwa, a bi da abin daɓe, sannan a ƙara. Daidai inda ruwa ke taɓa ganuwa a shimfiɗa kankare ko a jera duwatsu da siminti, domin igiyar ruwa na cin ƙasa, ciyawar baki kuma ita ce mafakar sauro da katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Kada a bar bishiya kusa: saiwa na fasa ganuwa, inuwa na hana gansakuka aiki, ganye na ƙara datti.

Mashiga da mafita su kasance a kusurwoyin da suka fi nisa da juna. In suna kallon juna kusa-kusa, ruwa zai yanke ya fita cikin kwana 2 a tafkin da aka lissafa wa kwana 12, sauran tafkin ya zama kududdufi kawai. Bututun shiga ya zuba a ƙarƙashin ruwa, ba ya watso daga sama ba. A bakin mafita a sa allon da zai tare kumfa, ya nutse santimita 30 a tafki na farko, 60 a na biyu don a ɗebo ruwan da ke ƙasan gansakuka, 5 kacal a na gamawa. Tafki na farko a yi shi tagwaye, dalili na zuwa. A kewaye wurin da waya da ƙofa. Tafki mai zurfin mita 3 da santsin laka ba wurin yara da awaki ba ne.

Fara aiki

Farkon bazara ya fi dacewa. A fara cika tafki na biyu da na gamawa da ruwan kogi ko na rijiya, a bar su mako 3 zuwa 4 har su yi kore, sannan a riƙa sakin ruwan ƙazanta sannu a hankali. Tafki na farko kuwa a zuba masa 'yan motoci na tsohuwar lakar shadda a matsayin iri. A watan farko a riƙa auna pH ɗinsa; in ya yi ƙasa da 7 a zuba farar ƙasa, in ba haka ba zai yi tsami ya yi wari.

Karanta tafki da ido da hanci

Ma'aikacin da ya san aikinsa launi yake fara dubawa. Tafki na biyu mai lafiya kore ne shar, ba wari. In ya koma ruwan toka, ko ya yi ja-ja kamar an zuba masa zoɓo, kaya ya yi masa yawa: gansakuka ta mutu, bakteriyar farar wuta ta karɓe wurin. A rage abin da ke shiga, a binciki ko tafki na farko ya cika da laka, ko wata masana'anta ta saki dagwalo da dare. In kainuwa ta rufe fuskar ruwa, a kwashe ta tun tana 'yar kaɗan, domin inuwarta na kashe gansakuka. Kumfa da tabarmar gansakukar da iska ke tarawa a kusurwa a kwashe su kullum. Amma ɓawon da ke saman tafki na farko a ƙyale shi, yana toshe iska yana rage wari. Sai in ƙuda ya fara haihuwa a ciki a farfasa shi da ruwa.

Lakar tafki na farko tana taruwa kamar kubik mita 0.04 ga kowane mutum a shekara. A misalinmu kubik mita 800 ke nan, kusan sulusin tafkin, kuma da ta kai sulusi ake kwashewa. Wato duk shekara. Ga yadda ake auna ta: a naɗe farin tawul a doguwar gora, a shiga kwalekwale, a soka gorar a tsaye har ta taɓa ƙasa, a ɗago a hankali. Inda baƙin ya tsaya a jikin tawul, nan laka ta kai. A yi haka a wurare biyar ko shida. In lokaci ya yi, a juya ruwa zuwa ɗan tagwayen tafkin, a zuƙe lakar, a bar kaɗan a ƙasa don iri. Yawancin tafkunan da suka lalace ba lissafi ne ya ci amanarsu ba, wannan kwasar ce aka yi shekaru ba a yi ba, har tafkin ya zama tudu ruwa na bi ta kansa.

Ana shanya lakar a gadon yashi da tsakuwa, kaurin santimita 20 zuwa 30, ta bushe cikin mako 2 zuwa 3 da rani. Taki ce mai kyau, amma cike take da ƙwan tsutsa. A tara ta a ajiye shekara guda kafin a ba manomi.

Ba a shiga ramin bututu ko rijiyar famfo haka kawai. Iskar da ke warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa, hanci na daina jin ta, mutum ya faɗi nan take. A buɗe a bar iska ta shiga, a ɗaura wa mai shiga igiya, mutum biyu na tsaye a sama.

Motocin shadda da masana'antu

Galibin gidajenmu ba su haɗe da bututun gari ba, masai da sokawe ake da su. Abin da motar kwasar shadda ke kawowa ya ninka ruwan bututu ƙarfi sau da yawa, kuma in na masan haya ne da bai daɗe ba, sinadarin amoniya da ke cikinsa na kashe gansakuka. Kada a bari direba ya juye shi a tafki na biyu. A yi masa wurin saukewa na daban mai raga, ya bi ta tankin kwantarwa ko gadon shanya, ruwan da ya tsatso ne kawai zai shiga tafki na farko, a kuma saka nauyinsa cikin lissafi tun farko. In wurin ya yi nisa ko kuɗin shiga ya yi tsada, direba zai juye a rafi da asuba. Wannan ma lissafi ne.

Tafki ba ya narkar da ƙarfe. Sinadarin kurom na kamfanonin jima, wanda nau'in ƙarfe ne, sai an kwantar da shi a cikin masana'anta da farar ƙasa, a pH 8 zuwa 9, a kwashe lakar a ajiye ta inda ba za ta shiga gona ba. Mayanka su tare jini da tumbi, garejoji da gidajen abinci su sa tarkon mai. A Najeriya hukumar kula da dokokin muhalli, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da dokokin abin da masana'anta za ta iya saki.

Gwajin da ke nuna ko kogi ya tsira

Sau ɗaya a wata a ɗebi ruwan mashiga da na mafita a kai ɗakin gwaji cikin ƙanƙara, a isa cikin awa 6. Ruwan mafita kore ne, kuma gansakukar da ke cikinsa na ɗaga BOD, don haka a auna shi iri biyu, tatacce da wanda ba a tace ba. A kogi kuwa wuri uku ake ɗiba: sama da inda ake zubawa, ɗan ƙasa da wurin bayan ruwa ya gauraya, da kuma kilomita kaɗan gaba, domin ba a bakin bututu oksijin ke faɗuwa ƙasa ba, sai ruwa ya yi tafiya bakteriya ta yi aikinta. A auna oksijin da asuba kafin rana ta fito, lokacin ne ya fi ƙaranci. Awon azahar yaudara ne.

Da rani, in gwaji ya nuna an cika mizani, gara a karkatar da ruwan zuwa gonaki a maimakon rafi, tunda takin da ke cikinsa alheri ne ga masara amma shi ke haifar da kainuwa da kachala a kogi. Kubik mita 1,300 da wani abu a rana, in kowace hekta na shan kubik mita 60 zuwa 70, za su shayar da hekta 20 ko kusa da haka. A bi da shi ta kunya ba ta yayyafi ba, masu ban ruwa su sa takalmin roba, masu latas da kabeji kuma su tsayar da ban ruwan kwana biyu ko uku kafin su cire.